Garkuwar hannu ta 'yan sanda: wane harsashi take tarewa, wanne ne ya fi ƙarfinta?

Tambaya: Wani jami'i da aka ɗora wa alhakin ba da shawara kan kayan kariyar da rundunarsu za ta saya ya rubuto yana tambaya ko garkuwar da ake gani a hannun 'yan sanda tana tare harsashi da gaske, da dalilin da ya sa ba a raba wa kowane ɗan sanda ba, da kuma irin wadda ta fi dacewa a saya.

Amsa: Yallaɓai, akwai garkuwar hannu da ke tare harsashi, kuma ta ceci rayukan jami'ai da dama. Sai dai kowace ɗaya an ƙera ta ne domin wani nau'in harsashi mai tafiya da wani gudu da aka sani, kuma da zarar an wuce wannan iyaka, harsashi zai ratsa ta ya sami wanda ke bayanta. Saboda haka kafin a kai ga wadda ta fi kyau, sai an san bindigar da jami'anku suka fi cin karo da ita, da wanda zai ɗauki garkuwar, da tsawon lokacin da zai yi yana riƙe da ita.

Da farko akwai ruɗanin da ya kamata a kawar, domin yana iya jawo asarar rai. Garkuwar da aka saba gani a hannun 'yan sandan kwantar da tarzoma, wadda ake hango fuskar jami'i ta cikinta, ba ta tare harsashi ko kaɗan. Da wata roba mai tauri da ake kira folikabonet aka yi ta, kaurinta bai cika wuce milimita 4 zuwa 6 ba, aikinta kuwa tare jifan dutse da kwalba da dukan sanda. Wadda kake tambaya a kanta ta fi kauri, ta fi nauyi nesa ba kusa ba, ba a ganin bayanta sai ta wata 'yar taga, kuma ta ciki akwai tambarin da ke nuna matakin kariyarta da ranar da aka ƙera ta. Duk garkuwar da ba ta da wannan tambari, kada a yarda jami'i ya tsaya a bayanta gaban mai bindiga.

Yawancin garkuwoyin zamani da zare ake yin su. A shekarar 1965 wata masaniyar haɗa sinadarai mai suna Stephanie Kwolek, da ke aiki a kamfanin DuPont na Amurka, ta gano zaren da daga baya aka sa wa suna Kevlar, wanda kamfanin ke cewa ya ninka ƙarfe ƙarfi sau 5 idan nauyinsu ɗaya. Bayansa aka samo wani zaren na roba mai suna foliyetilin, wanda ake sayarwa da sunan Dyneema ko Spectra, kuma ya fi Kevlar rashin nauyi har yana tasowa a saman ruwa. Ana shimfiɗa zaren falle-falle, wannan a tsaye na gaba a kwance, a haɗa su da danƙo, sannan a danne su da zafi da matsi mai tsanani har su zama allo guda mai tauri.

Idan harsashi ya bugi wannan allo, zaren da ya fara taɓawa yana miƙewa ne yana jan na kusa da shi, su ma su ja na kusa da su, sai ƙarfin bugun ya bazu a faɗin allon, kamar yadda ragar gola ke karɓe ƙwallo komai zafin bugunta. A lokaci guda harsashin, wanda dalma ce aka lulluɓe da tagulla, yana bajewa, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon yawan zaren da zai ci karo da shi. Wanda ya taɓa yanka allon da aka harba zai gane abin da nake nufi: ta gaba ƙaramin rami ne, bakinsa ya ɗan narke, ta ciki fallayen farko sun yanke, na tsakiya sun rabu da juna, harsashin na kwance a baje a tsakaninsu, ta baya kuma kumburi ya taso. Wannan kumburi abin kula ne, domin idan ya faɗa daidai inda hannun jami'i yake jingine, yana iya karya ƙashi ko da harsashin bai fito ba. Shi ya sa garkuwa mai kyau take da soso mai kauri a wurin da hannu ke kwanciya.

Wahalar tana farawa ne idan aka bar ƙaramar bindiga aka koma doguwa. Harsashin fistol mai faɗin milimita 9 da na AK-47 nauyinsu kusan ɗaya ne, wajen giram 8 kowanne, amma na farko yana fita da gudun da bai cika kai mita 400 a daƙiƙa ɗaya ba, na biyu kuwa yana haura mita 700, wani harsashin doguwar bindiga mai milimita 5.56 ma yana wuce mita 900. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa, don haka harsashin AK-47 yana isowa da ƙarfin da ya ninka na fistol sau uku da ɗoriya, ga shi da tsini, ga shi sau da yawa da ƙarfe a cikinsa. Irin wannan harsashi ba ya ba zare damar miƙewa, yanke shi yake yi. Domin a tare shi, ko dai a ninka kaurin allon, ko a sa masa fuska mai tauri ta gaba wadda za ta farfasa harsashin kafin ya isa ga zaren. Wannan fuska yawanci tangaran ne na musamman da ya fi ƙarfen harsashin tauri: yana dakushe tsinin ya tarwatsa shi, shi ma ya tsage a wurin, sai zaren da ke baya ya kwashe ɓaraguzan. Akwai masu amfani da allon ƙarfe, wanda ya fi araha kuma yake jure harbi da yawa, amma nauyinsa ya yi yawa, sannan harsashin da ya fashe a jikinsa yana watsa ɓurɓushi gefe da ƙasa, inda ƙafafun jami'in da na abokan aikinsa suke.

Sai batun matakai, inda masu saye suka fi faɗawa tarko. Ma'aunin da aka fi ambata a duniya na wata cibiya ce da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NIJ. Shekara da shekaru masu ƙera garkuwa suna dogara da ma'auninta mai lamba 0108.01, wanda ya fito a 1985. A cikinsa mataki na IIIA shi ne ƙololuwar kariya daga ƙananan bindigogi, ana gwada shi da harsashi mai milimita 9 da na .44 Magnum, wani harsashin ƙaramar bindiga mai ƙarfi sosai, a gudun mita 426 a daƙiƙa. Mataki na III na dogayen bindigogi ne, ana gwada shi da harsashi mai milimita 7.62 irin na sojojin ƙawancen NATO a gudun mita 838. Mataki na IV kuma na harsashin da aka ƙera musamman domin huda sulke ne. A lura da kyau cewa IIIA yana ƙasa da III, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin fistol da doguwar bindiga. Jamus da Birtaniya da Rasha kowa na da nasa ma'aunin, kuma lambobinsu ba sa daidaita da juna kai tsaye.

Yana da kyau ka san yadda ake gwajin, don ka gane abin da takardar shaida ta faɗa da abin da ta yi shiru a kai. Ana kafa allon a tsaye, bakin bindigar gwaji na nisan mita 5 idan harsashin ƙaramar bindiga ne, ko mita 15 idan na doguwa ne. Santimita 15 a bayan allon ana kafa wani siririn fallen alminiyam mai kaurin rabin milimita. Bayan harbi 5, ko harbi ɗaya tak a mataki na IV, sai a cire fallen a ɗaga shi gaban ƙwan fitila mai wat 60, kuma idan haske ya ɓullo ta ko da ƙaramin huji ne, allon ya faɗi. Gwaji ne mai tsauri a kan abin da yake aunawa. Amma ƙa'idarsa ta ce harbi ya faɗa aƙalla santimita 5 daga bakin allon da kuma daga ramin harbin da ya gabata, sannan ma'aunin na kayan da ake yin garkuwa da su ne, bai shafi garkuwar da aka gama haɗawa ba. Ke nan kamfani na iya kai yanki mai faɗin santimita 30 a gwada ya sami shaida, alhali ba a taɓa harbin tagar garkuwar ba, ko gefunanta, ko kusoshin da suka riƙe mariƙinta, waɗanda su ne wuraren da suka fi rauni. Wanda ke harbin jami'i kuwa babu ruwansa da wannan ƙa'ida.

Wannan giɓi ne ya sa ƙungiyar tsara ma'aunai ta ASTM ta fitar da hanyar gwaji mai lamba E3141 da ma'auni mai lamba E3347, waɗanda aka rubuta domin garkuwar 'yan sanda kanta, inda ake harbin cikakkiyar garkuwa har da gefenta da tagarta da wuraren da aka ɗaure. A 2023 kuma NIJ ta sauya sunayen matakan zuwa HG1 da HG2 na ƙananan bindigogi, da RF1 da RF2 da RF3 na dogaye. Sabon tsarin ya toshe wata kafa da ta daɗe a buɗe, domin tsohon mataki na III da harsashi iri ɗaya kawai ake gwada shi, alhali allon foliyetilin zalla yana iya tare wannan babban harsashi ya kasa tare ƙaramin 5.56 mai ƙarfe a baki. Yanzu RF1 ya haɗa da harsashin AK-47 mai ƙarfe a ciki, RF2 kuma ya ƙara da wancan mai ƙarfe a baki. A ganina, rundunar da masu laifin yankinta ke riƙe da AK-47 ta nemi a nuna mata sakamakon gwaji da wannan harsashi takamaimai, kada ta wadatu da cewa garkuwar ta mataki na III ce.

Dalilin da ya sa ba a raba wa kowa ba kuwa, kuɗi na ciki, amma nauyi ya fi kuɗi. Garkuwar IIIA mai faɗin kusan santimita 50 da tsawon 90, da taga da mariƙi, yawanci tana tsakanin kilo 5 da kilo 10. Mai tare harsashin doguwar bindiga mai wannan girma takan ninka haka, ta mataki na IV kuwa galibi sai an ɗora ta a kan tayoyi. Kilo 8 ba wani abu ba ne idan a kafaɗa yake, amma a ce mutum ya riƙe shi da hannu ɗaya, gwiwar hannu a lanƙwashe, garkuwar a ɗage daidai fuska, ga rigar sulke da hular kwano, yana hawa matakala: cikin 'yan mintoci kafaɗa za ta fara zafi, hannu ya soma rawa, sai ka ga garkuwar tana sauka a hankali ba tare da mai ita ya ankara ba, har goshinsa ya bayyana ta sama. Wannan saukar ce abin da ake fara gyarawa a filin atisaye. Maɗaurin da ke rataye garkuwar a jikin rigar sulke yana rage wahalar, amma cinikin yana nan: a ƙara girma ko mataki, nauyi ya ƙaru, a rage girma domin ta ɗauku, cinya da gwiwa su fita fili. Ga kuma hannu ɗaya da ta cinye, ta yadda mai riƙe da ita ba zai sarrafa doguwar bindiga yadda ya kamata ba, ba zai buɗe ƙofa ko ya sa wa mutum ankwa cikin sauƙi ba. Ɗan sandan da ke sintiri a ƙafa ko yake ba da hannu a titi, rigar sulke ce ta dace da shi.

Tagar garkuwa ma ta cancanci a tsaya a kanta. Da fallayen gilashi da roba da aka manne ake yin ta, kuma sai ta yi kauri sosai kafin ta kai matakin sauran allon, saboda haka 'yar tagar santimita 10 da 25 tana ƙara nauyi sosai, a sama kuma, inda ya fi gajiyar da hannu. Harbi ɗaya idan ya same ta, ko bai huda ba, takan yi fari fat da tsagewa, jami'i ya daina gani. Ni na fi karkata ga mai taga idan aikin shiga ɗakuna ne da bin lungu a hankali, mara taga kuma idan sauri ake bukata a fili. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne a tabbatar an gwada tagar da kewayenta a mataki ɗaya da allon. Fitila mai ƙarfi a gaban garkuwa kuwa babban amfaninta shi ne jami'i ya ga abin da ke hannun mutumin da ke gabansa kafin ya yanke hukunci.

Abubuwa biyu da suka faru a idon duniya sun nuna amfanin garkuwa da iyakarta. A daren 13 ga Nuwamban 2015, lokacin harin zauren kiɗa na Bataclan a birnin Faris, inda aka kashe mutum 90, biyu daga cikin maharan sun tsare mutane a wani siririn lungu a saman bene, riƙe da bindigogi ƙirar Kalashnikov, wato dangin AK-47. Ƙofa ɗaya ce ta shiga, babu wurin fakewa. Jami'an BRI, runduna ta musamman ta 'yan sandan birnin, sun kutsa a bayan wata garkuwa mai tayoyi da suke kira Ramsès, mai nauyin kusan kilo 80. Bayan an gama aka ƙirga tabon harsashi 27 a fuskarta, babu wanda ya ratsa, kuma an fitar da mutanen da aka tsare a lungun da ransu. Da garkuwar IIIA ce aka shiga da ita, da harsasan sun ratsa ta tun harbin farko. Amma ko a nan nauyin ya nuna halinsa, domin da ta iso wasu 'yan matakala a cikin lungun sai ta kife gaba, jami'an suka ƙarasa aikin ba tare da ita ba.

Na biyun ya fi ciwo. A ranar 24 ga Mayun 2022 wani ɗan bindiga ya shiga makarantar firamare ta Robb a garin Uvalde na jihar Teksas ta Amurka, ya kashe yara 19 da malamai 2. Jami'an farko sun iso cikin 'yan mintoci, ya buɗe musu wuta, suka ja da baya, daga nan aka shiga jiran ƙarin jami'ai da makulli da garkuwa. Garkuwoyin da suka fara isowa ba na doguwar bindiga ba ne, kuma ko bayan isowar wadda ta dace an ƙara kusan rabin sa'a. Sai da aka shafe minti 77 kafin a kutsa ajin, alhali jami'ai 376 ne suka hallara, yara kuma suna buga wayar neman agaji daga ciki. Tun bayan irin wannan hari da aka kai makarantar Columbine a 1999, koyarwar da aka amince da ita a Amurka ita ce idan ana kan kashe mutane, waɗanda suka fara isowa su shiga da abin da ke hannunsu. Daga baya jihar ta ware dala miliyan 50 domin sayen garkuwoyi, kuma hakan daidai ne. Sai dai dole dokar aiki ta runduna ta fayyace a rubuce cewa rashin garkuwa ba hujjar jira ba ne a irin wannan hali, kuma a san cewa garkuwar da ke kulle a ma'ajiyar hedikwata ba ta da amfani ga wanda ya fara isa wurin.

Irin waɗannan ranaku ba su ne yawancin aikin garkuwa ba, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali idan za ka kare shawararka gaban shugabanni. A 1990, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya na takwas kan hana aikata laifuka da aka yi a birnin Havana na ƙasar Kyuba, an amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro. Ƙa'ida ta biyu ta ambaci garkuwa da hular kwano da rigar sulke da motoci masu sulke, ta kuma faɗi dalilin samar da su, wato a rage bukatar amfani da makami ko wane iri ne. Wannan dalili gaskiya ne a aikace. Jami'in da ke tsaye ƙirji a buɗe gaban mutumin da ya sa hannu a aljihu ba shi da lokacin tunani, tsoro ne zai yanke masa shawara. Wanda ke bayan garkuwa kuwa yana da sararin da zai jira ya ga ko bindiga ce ta fito ko waya, ya yi magana, ya maimaita umarni, ya ja da baya ba tare da ya juya ƙeya ba. Idan mai taɓin hankali ne riƙe da wuƙa ko adda, allo mai tauri yana ba jami'ai biyu ko uku damar matse shi jikin bango su karɓe makamin, maimakon a harbe shi. Idan kuma wani ya faɗi a fili ana harbi, garkuwa biyu a jere sun isa a janye shi a bayansu. Rayukan da ake ceta ta wannan hanya, na gaban garkuwar da na bayanta, ba sa shiga labarai, amma a wurina su ne babbar hujjar sayenta.

Duk wannan ba ya samuwa sai da horo, kuma horon garkuwa fanni ne mai zaman kansa. Mai garkuwa yana koyon harbi da hannu ɗaya ta gefen allon, da gyara bindiga idan ta cije ba tare da ya sauke kariyarsa ba, da tafiya da gajeren taku, kafaɗu a tattare cikin faɗin allon, da fuskantar da garkuwar ga inda haɗari yake kafin jikinsa ya isa can, musamman a bakin ƙofa da kusurwa da matakala. Waɗanda ke bayansa suna koyon bin sahunsa a layi ɗaya, domin taku ɗaya zuwa gefe ya isa ya fitar da mutum daga kariyar, kuma suna koyon karɓar ta daga hannunsa idan ya gaji. Akwai kuma haɗarin jami'i ya ji kamar ba abin da zai same shi, ya matsa kusa fiye da kima, ko ya bar katangar kankare da ta fi kowace garkuwar hannu ya fito fili. Idan kasafin kuɗi ya tilasta zaɓi tsakanin garkuwa 20 babu horo da garkuwa 10 da horo mai maimaituwa, 10 zan zaɓa.

Adana ta ma yana bukatar tsari. Zaren foliyetilin yana raunana idan ya daɗe cikin zafi mai tsanani, alhali cikin motar da aka rufe a rana yana iya haura digiri 60. Kevlar ya fi jure zafi, amma danshi da hasken rana suna rage masa ƙarfi idan rufin waje ya tsage. Tangaran kuwa yana iya tsagewa ta ciki idan garkuwar ta faɗi a kan siminti, kuma ido ba zai gani ba sai an sa ta a na'urar hoton ƙashi. Saboda haka a ajiye ta cikin jakarta, a ɗaure ta yadda ba za ta riƙa karo da jak da taya ba, a nisanta ta da fetur, a riƙa duba gefunanta. Yawancin kamfanoni garantin shekara 5 suke bayarwa, kuma wa'adin ba abin wasa ba ne: a 2003 harsashi ya ratsa wata rigar sulke ta zaren Zylon da ya kamata ta tare shi, ya raunata wani ɗan sanda a jihar Pennsylvania ta Amurka, binciken NIJ kuma ya nuna cewa zaren yana lalacewa da zafi da danshi. Garkuwar da harsashi ya taɓa samu kuwa ta gama aikinta, a yi mata alama a mayar da ita filin horo.

Game da wadda za ku saya, a fara da bayanan rundunar kanta, wato makaman da aka ƙwace da kwanson harsasan da aka tsinta a wuraren da aka yi harbi cikin 'yan shekarun nan. Idan fistol da wuƙa da adda ne suka fi yawa, garkuwar IIIA, wato HG2 a sabon suna, mara nauyi, ɗaya a kowace motar sintiri, ita ce za ta fi yin aiki, domin ita ce jami'ai za su yarda su ɗauka. Idan dogayen bindigogi ne suka yi yawa, IIIA tana iya yaudarar jami'i ta kai shi ga halaka. Gara ƙaramar garkuwa ta RF1 ko RF2 da ke rufe kai da ƙirji, a bar manya masu tayoyi ga runduna ta musamman. Idan za a haɗa iri biyu, a bambanta su da alamar da jami'i zai gane ko a cikin duhu. Daga mai sayarwa a nemi cikakken rahoto na ɗakin gwaji mai zaman kansa, a duba cewa lambar samfurin da ke rahoton ita ce ke jikin kayan, a duba irin harsashin da gudunsa da wuraren da aka harba. A sa a cikin yarjejeniya cewa runduna za ta zaɓi garkuwa ɗaya ko biyu da kanta daga cikin kayan da aka kawo, a kai su gwaji kafin a biya kuɗi. Kafin a sa hannu kuma, a kawo samfuri a ba jami'ai masu girman jiki daban-daban, maza da mata, su shiga mota da ita su fito, su hau bene, su ratsa ƙofa, su riƙe ta a ɗage na minti 10, sannan a saurari abin da za su ce.